Jan kifin da ya soki ƙaninka a gaɓar Libiya

Tambayar ta zo daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari: "Malam, ƙanina yana aiki da masunta kusa da Misrata a Libiya. Makon jiya yana cire kifi daga raga, sai wani jan kifi mai ƙaton kai ya soke shi a yatsa. Ya ce bai taɓa jin azaba irin wannan ba, kumburi ya kai har gwiwar hannu. Ga hoton da ya turo mini ta WhatsApp. Wane irin kifi ne? Dafinsa yana kisa? Ana cin sa? Kuma akwai shi a Tiga ko Challawa? Don yarana suna yawan zuwa fatsa."

Alhaji, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Ka fara kwantar wa mutanen gida da hankali: kifin da ke cikin hoton nan yakan sa ƙato ya zubar da hawaye, amma ba a san shi da kisa ba. Jan kifin kunama ne, wanda masanin nan na ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya rubuta a 1758 da sunan Scorpaena scrofa. Aikina koyar da ilimin kifi ne, kuma ko ɗalibi mai shekara ɗaya a fannin zai gane shi daga hoton nan, saboda ƙaninka ya ɗauke shi ta gefe, haɓarsa ta fito sosai. Ka ƙara girman hoton ka duba ƙarƙashin muƙamuƙinsa, za ka ga 'yan tsumma-tsumman fata suna reto. Sannan ka dubi tsakiyar ƙayoyin bayansa, yawanci akwai baƙin tabo a wurin. Waɗannan biyun su suka raba shi da ɗan'uwansa baƙin kifin kunama, Scorpaena porcus, wanda ba shi da komai a haɓa, sai dai dogayen geza biyu a saman idanu.

A cikin danginsa na gabashin Tekun Atlantika da Bahar Rum jan shi ne babba. Yana kaiwa santimita 50, nauyi kusan kilo 3, ko da yake wanda masunta suka fi samu bai wuce santimita 30 ba. Kansa kaɗai ya haura kashi ɗaya cikin uku na tsawon jikin, kuma ƙashi ne tsantsa mai tudu da kwari, ga ƙananan ƙayoyi a kumatu da kan marfin da yake numfashi ta ƙarƙashinsa. Bakinsa wagege ne, idanunsa manya a can saman kai, fikafikan gefe masu faɗi. Launinsa daga ja irin na jar ƙasa zuwa ruwan hoda, da dabbare-dabbare masu duhu da masu haske ba tsari. Ba kyakkyawan kifi ba ne, wannan ba sai an faɗa ba.

Abin da ɗalibai suka fi tambayata shi ne: kifin da rayuwarsa duk ɓuya ce, me ya kai shi zama ja wur? Amsar tana cikin yadda ruwa yake shanye haske. Hasken rana launuka ne a haɗe, kuma ja shi ne ruwa yake fara haɗiyewa. Da an nutsa kamar mita 10, ja ya kusa ƙarewa, a mita 30 kuwa babu shi. Abu ba ya zama ja a ido sai akwai jan hasken da zai faɗa kansa ya dawo. Saboda haka kifin da ka gani jawur a kan jirgi, a inda yake zaune toka-toka ne mai duhu, launi ɗaya da dutsen da ke kusa da shi. Mai nutso sai ya haska masa tocila kafin jan ya bayyana. Tsumman fatar nan kuma aikinsu su ɓata siffar jikin, kada ido ya ga inda kifi ya tsaya da inda gansakuka ta fara, ga su suna kaɗawa da igiyar ruwa. Tsabar zaman wuri ɗaya har gansakuka da ƙananan halittu sukan fara kama jikinsa, don haka lokaci-lokaci yakan yi saɓa, ya tuɓe fatar sama ya fito fes.

Mazauninsa ƙasan teku ne, ya fi son duwatsu da kogunansu, amma ana samun sa a kan yashi da taɓo, daga zurfin mita 20 har zuwa 500. Yana ko'ina a Bahar Rum, kuma a Atlantika daga tsibiran Birtaniya, inda ba a cika ganin sa ba, zuwa Maroko, Muritaniya, Senegal da tsibiran Kanari da Kef Bad. Baƙin kuwa ya fi zama a ruwa marar zurfi, cikin duwatsun bakin gaɓa, jikin katangar tashar jiragen ruwa da cikin ciyawar teku, kuma shi ne ya shiga har Bahar Aswad. Shi ya fi sukar masu fatsa a bakin ruwa da masu tura hannu ƙarƙashin dutse. Jan ya fi sukar irin su ƙaninka, masu cire kifi daga raga da tsince abin da aka jawo daga zurfi.

Halinsa duka ya rataya ne a kan abu guda da ba shi da shi. Idan ka taɓa tsayawa ana fede ƙarfasa ko giwan ruwa, ka ga wata jakar iska a manne da ƙashin baya. Da ita kifi yake daidaita nauyinsa da na ruwa, ya tsaya a tsakiya ba tare da wahala ba. Kifin kunama ba shi da wannan jakar. Ya fi ruwa nauyi, da ya daina kaɗa jela sai ƙasa. Shi ya sa ba ya yawo, ba ya shiga garke, ba ya bin abinci a guje. Da rana yana kwance shi kaɗai a bakin rami ko gindin dutse, ya tokare da fikafikan gefe, sai ya shafe sa'o'i bai motsa ba. Idan an tsokane shi ya yi ɗan tsalle na 'yan mitoci ya sake zama. Da magariba zuwa dare ne yake cin abinci: ƙananan kifaye, ƙaguwa, jatan lande da dangin dodon koɗi. Yadda yake kama su ma ba farauta ba ce irin wadda aka sani. Yana jira har abin ya iso daf da hancinsa, sai ya wage baki ya buɗa marafan gefen kai a lokaci guda, ramin bakin ya faɗaɗa, ruwa ya afka ciki da ƙarfi ya tafi da abincin. Ido ba ya kama wannan, sai an ɗauka da kyamara an rage gudun hoton. Za ka ga ƙaramin kifi yana nan, sai kawai babu shi.

Ka lura ban ambaci dafi ba a wajen cin abincinsa, domin ba ya amfani da shi a nan ko kaɗan. Wannan shi ne babban abin da nake so ƙaninka ya riƙe. Maciji da kunama suna kashe abincinsu da dafi, suna da naman da ke matsa shi ya fita, kuma su suke kai sara ko harbi. Wannan kifin ba ya kai wa kowa hari. Dafinsa na tsaron kai ne, kuma ba ya shiga jikin mutum sai mutumin ne ya danna kansa a kan ƙayar. A bayansa akwai ƙayoyi 12 masu tauri, 3 a ƙarƙashi kusa da jela, sai ɗai-ɗai a fikafikan ciki guda biyu. Kowace ƙaya tana da kwari biyu a tsaye, ɗaya ta kowane gefe, a cikinsu naman da ke yin dafin yake kwance, an lulluɓe shi da siririyar fata. Idan ƙayar ta shiga yatsa, fatar nan takan tattare ta koma baya, naman dafin ya yage a cikin raunin. Iyakar abin da kifin yake yi shi ne ya miƙar da ƙayoyin idan ya ji motsi. Hausawa sun ce kifi na ganin ka mai jar koma, to wannan ya gan ka sarai, amma ba zai gudu ba, ya dogara da cewa kai ne ba ka gan shi ba. A cikin raga kuwa abin ya fi muni, domin ƙayoyin sun sarƙe da zare, ga sauri, ga duhun asuba, ga hannu ya yi sanyi. Kuma mutuwar kifin ba ta kashe dafin nan take. Mutane da yawa a wajen gyara ne yake sukar su, kifin ya daɗe da mutuwa.

Haihuwarsa a watannin zafi ne na can, daga ƙarshen bazararsu zuwa wajen Agusta. Macen takan saki ƙwai a dunƙule cikin wani abu mai yauƙi da ke tasowa saman ruwa, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su bi igiyar ruwa na ɗan lokaci kafin su sauka ƙasa. Girmansa a hankali ne, an samu waɗanda suka haura shekara 20, shi ya sa duk inda aka matsa masa da kamu manyan suke fara ɓacewa.

Mu koma kan yatsan. Abin da ƙaninka ya bayyana shi ne abin da aka saba gani: raɗaɗi nan take mai ƙaruwa cikin sa'a ta farko, yana hawa hannu, wurin ya yi ja ya kumbura, wani ya ji jiri, tashin zuciya ko gumi. Zafin yakan sauka cikin sa'o'i, kumburin ya ɗauki kwanaki. Maganin farko da likitoci suka yarda da shi ruwan zafi ne. A cire zobe ko agogo tun kafin kumburi ya riƙe su, a wanke wurin, a tsoma hannun cikin ruwa mai zafin digiri 40 zuwa 45 na Salshiyas tsawon minti 30 zuwa 90, ana ƙara ruwan idan ya huce. Wanda aka soka ba shi ne zai gwada zafin ba, domin azaba ta riga ta ɗauke masa ji, sai ya dafa hannunsa bai sani ba. Wani ne zai sa nasa hannun, idan shi ba zai iya jurewa ba, ruwan ya yi zafi da yawa. A jirgin masunta butar shayi ba ta yankewa, ita ce asibitin farko, a sirka kawai.

Abin da muka saba yi a nan gida kuma a bar shi. Kada a ɗaure hannun, domin ɗauri yana tare dafin wuri guda ya ci naman yatsa. Kada a yi tsaga, kada a tsotsa, kada a zuba kananzir ko man birki, kada a ƙona wurin da taba. Duk waɗannan rauni ne a kan rauni. Ni a wurina, mako guda bayan sukar, dafin ya riga ya gama nasa, abin da ya rage a ji wa tsoro guda biyu ne: guntun ƙaya da ya karye a ciki, da ƙwayoyin cuta na ruwan teku. Idan har yanzu yatsan yana zafi in an taɓa, ko jan yana faɗaɗa, ko ruwa na fita, ko zazzaɓi ya shigo, ya je asibiti a duba, a yi hoto idan an ga dama, a yi masa allurar tetanus in ya daɗe bai yi ba. Idan yana da ciwon suga ko ciwon hanta, kada ya jira ko da kwana ɗaya, domin a jikin irinsu ne ƙwayoyin cutar Vibrio na ruwan gishiri suke saurin cin nama. Na san halin da 'yan'uwanmu suke ciki a can, wani yana gudun asibiti saboda takardu, amma yatsa ya fi ƙarfin a yi masa kawaici.

Maganar kisa kuwa, tana da gida, amma ba a Bahar Rum ta samo asali ba. Ɗan'uwan kifin kunama da ake kira kifin dutse, Synanceia verrucosa, yana zaune a Bahar Maliya, gabashin Afirka, har zuwa Ostireliya da tsibiran Tekun Fasifik. Na kawo shi ne saboda Kanawa sun fi zuwa Jidda, da ke bakin Bahar Maliya, a kan Misrata, kuma bayan Umara akan kai yara bakin teku su tsoma ƙafa. Wannan ba shi da ɓawo, fatarsa duk ƙuraje ce, bakinsa da idanunsa sama suke kallo, yakan binne rabin jikinsa cikin yashi a ruwan da bai kai gwiwa ba. Ƙayoyin bayansa 13 ne, gajeru masu kauri, kowace da jakar dafi biyu cikakku, kuma nauyin mai takawa ne yake matse su. Suna huda takalmi mai siririn ƙasa. Dafinsa yana taɓa zuciya da numfashi, an samu waɗanda suka mutu, ko da yake ba su da yawa. Tun 1959 aka haɗa makarinsa a Ostireliya daga jinin doki. Wanda ya taka wannan, ruwan zafi a hanya, asibiti kai tsaye. Tun da aka buɗe mashigin Suwez, wanda ya haɗa Bahar Maliya da Bahar Rum, a 1869 halittun Bahar Maliya suke tsallakawa arewa, kuma an ga kifin dutse a gabashin Bahar Rum a 2010. Kifin zaki mai dogayen ƙayoyi da zane-zane, shi ma ɗan gidan ne, ta nan ya bi, daga 2012 ya bazu a ruwan Labanon, Ƙubrus, Turkiyya da Girka. Saboda haka ragar ƙaninka tana iya ɗauko abin da kakannin masuntan da yake aiki da su ba su taɓa gani ba.

A Tiga, Challawa, Bagauda ko Watari babu ko ɗaya daga cikinsu, kuma ba za a samu ba. Jikinsu an gina shi ne a kan ruwan gishiri. Litar ruwan teku tana ɗauke da gishiri kamar giram 35, ta Bahar Rum wajen 38, ta Bahar Maliya kusan 40. Ka saka kifin kunama a ruwan daɗi, ruwa ya dinga shiga jikinsa gishirin jininsa yana fita, ba zai daɗe ba. A Najeriya sai dai a teku, inda ake samun 'yan'uwansa na gaɓar Afirka ta Yamma irin su Scorpaena laevis da Scorpaena angolensis, kuma gaɓarmu yawancinta yashi ce da taɓo, ba irin duwatsun da suka fi so ba.

Amma kada yaranka su saki jiki. Duk masuncin Tiga ya san abin da ƙurungu yake yi wa hannu: ƙaya ɗaya a baya, biyu a gefe, masu haƙora irin na zarto, kuma idan ya miƙar da su sai su kulle. Tarwaɗa ma tana da nata a gefe. An daɗe ana ɗauka zafin na huda ne kawai, sai wani bincike da Jeremy Wright na Jami'ar Mishigan ya wallafa a 2009 ya ƙiyasta cewa aƙalla nau'i 1,250 na dangin tarwaɗa suna da naman dafi a jikin ƙayarsu. Ruwan zafin nan yana yi musu aiki su ma. Ni dai idan yara za su je dam, nutsewa da tsargiya sun fi damuna a kan duk wata ƙaya.

Ci kuwa, ana cin jan kifin kunama, har ma ana rububinsa. Namansa fari ne, mai tauri, mai daɗi, kuma ƙaton kan nan yana ba da romo mai kauri. Shahararriyar miyar kifi ta birnin Marseille a Faransa, masu ita suna cewa ba ta cika ba sai da shi, kuma a kasuwannin Italiya da Girka yana cikin kifaye masu tsada. Dafin yana cikin ƙaya, ba ya cikin nama, kuma furotin ne, wuta tana canja shi yadda take daskarar da farin ƙwai. A yanke ƙayoyin baya da na ciki da na kusa da jela da almakashi mai ƙarfi kafin a fara gyara, a jefa su inda ƙafa ba za ta taka ba. A wajen cire shi daga raga, masunta sukan riƙe shi ta leɓen ƙasa ko su yi amfani da filaya, da safar hannu mai kauri, ba ta ulu ba.

Tunda ƙaninka yana cin abin da raga ta kawo, ka isar masa da wannan kafin komai. Akwai kifin da bai da ƙayar da za ta soke shi amma ya fi duk waɗanda na lissafa haɗari a tukunya. Ɗan'uwan talibambam ɗinmu ne, sunansa Lagocephalus sceleratus, shi ma ta Suwez ya shigo, an fara ganin sa a gaɓar Turkiyya a 2003, yanzu ya kai Masar, Libiya da Tunisiya. Dogo ne, ba ɓawo, bayansa toka-toka da baƙaƙen ɗigo, ga farin layi mai ƙyalli a gefe, haƙoransa manya guda huɗu a haɗe, idan an kama shi ya kumbura ciki. Gubarsa tana cikin hanta, ƙwai, hanji da fata, tana shiga nama ma, kuma dafuwa, suya ko ƙanƙara ba sa karya ta. Takan fara da mutuwar leɓe da harshe, ta sauko gaɓoɓi, ta tsayar da numfashi, mutum yana cikin hayyacinsa. Ba ta da makari, sai dai a sa mutum a na'urar numfashi har jiki ya fitar da ita. Masar da Turkiyya duk sun haramta sayar da shi, amma yana da nama da yawa kuma yana da arha, shi ya sa ana iya miƙa wa ma'aikaci baƙo. Idan an ba shi, ko an ce an cire cikin an fere fatar, kada ya karɓa.